Ranar Sunan 'Yar Tsana

Abubuwa da yawa sun same ni a kan titunan Potiskum tun da na fara tuƙa keke napep, kuma mafi yawansu sun shuɗe, ko an tuna mini sai na yi dogon tunani. Amma ranar da na ajiye keke na tsuguna gaban tukunya saboda 'yar tsana, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin dogon hutu ne na makaranta, damina ta yi tsakiya, masara ta fara shigowa gari. Muna zaune a unguwar Hausari, ni da maiɗakina da yaranmu biyu: babbar, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, da ƙaninta da ke goye. Ita babbar sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba mai kama sunan a gidan, Ummi muke ce mata.

Ba zan ɓoye ba, a wancan lokacin ni baƙo ne a gidana. Ina fita yara na barci, in dawo a gajiye ba na son motsin kowa. Da an ji ƙarar kekena a ƙofar gida, sai wasa ya tsaya, kowa ya nemi kusurwa. Ni kuwa a ganina kwarjini ne.

A wannan hutun yaran layinmu mata sun ƙirƙiro wani wasa. Kowace ta haɗa 'yar tsana da totuwar masara, ta yi mata gashi da gemun masarar, ta roƙo ƙyallaye wurin tela ta ɗaura mata zane da ɗankwali. Sai a sa rana a yi wa 'yar tsanar suna, bi da bi, gida gida. Ni ban san da wannan ba. Abin da na sani kawai, ina yawan tarar da totuwa da ƙyallaye a tsakar gida, ina ture su da ƙafa ina faɗa.

Ranar da abin ya faru, da asuba aka kira maiɗakina daga Damagum cewa ƙanwarta na kan gwiwa. Ta goya yaron a gurguje, na kai ta tasha, ta ce Ummi ta wuni wurin Iya. Iya tsohuwa ce maƙwabciyarmu, 'yar asalin garin, katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, har ana miƙa gishiri ta sama. Mota na shirin tashi maiɗakina ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Ummi, yau ne fa sunan nan nata, ka ba ta haƙuri." Na ce to, ban ma tambayi ko sunan wa ba. Ranar kasuwa ce, hankalina na kan fasinja.

Da hantsi na biyo ta gida in ɗauki ledar ruwan sama da na manta. Ina shiga na ji ƙaurin hayaƙi. Ummi ce durƙushe gaban murhu, ta cusa leda da tsinke a ƙarƙashin itace, ashana a hannunta, tana hura wuta, gefen zanenta na jan ƙasa dab da harshen wutar. Na daka mata tsawar da ni kaina sai da na ji ta a ƙirjina. Na fizge ashanar, na watsa ruwa a murhun. Ba ta yi kuka ba. Ta ja da baya ta jingina da bango, ta rungume wata totuwa mai jan ɗankwali, tana kallon ƙasa.

Sai ga kan Iya ya ɓullo ta saman katanga.

"Ɗan Kano, ka gama? Na ɗauka aradu ce ta faɗo gidan."

Haka take kirana, don kakanninmu daga can suka zo. Na ce, "Iya, ashe ba ta wurinki? Wuta fa take hurawa!"

"Na shiga wanka ta sulale. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ka tambaye ta me za ta dafa?"

Ban tambaya ba. Iya ce ta warware mini, da Hausarta mai nauyin harshen Ngizim. Tun farkon hutu Ummi ke zuwa sunan 'ya'yan tsanar ƙawayenta tana ci tana sha. Yau layi ya zo kanta, ita ce ta ƙarshe, ta gayyaci kowa bayan la'asar, uwarta ta yi mata alkawarin ɗanwake. Kuma yaran sun kafa doka: wadda ta ci na mutane ba ta yi nata ba, an cire ta daga wasa, ba mai ƙara kula ta.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, bari in sayo biskit da alewa a shago.

A nan ne Ummi ta yi magana, muryarta can ƙasa. "Ba a yarda da na shago ba, Baba. Sai wanda aka dafa a gida. Kuma sai da rago."

"Rago kuma?"

"Na laka."

Na tsaya ina kallonta. Yarinyar nan ta gwammace ta kunna wuta ita kaɗai da ta zo ta gaya mini damuwarta, alhali da safen nan ta gan ni. Wannan ne ya fi damuna. A waje ana ta kiran mai keke, wani ma har yana buga mini hon. Na fita na ce masa keke ya lalace, Allah Ya yafe mini, na tura shi gindin bishiya na dawo na cire riga ta sama.

Na fara da abin da na iya. Rago na laka ai aikinmu ne muna yara, garke guda nake yi a bakin kududdufi kafin a kira ni cin tuwo. Na ce mata ta ɗauko tsohon kwano ta biyo ni. Muka je bayan layi inda ruwa ke kwanciya, na yaye ƙasar sama na ɗebo ta ƙasa mai danƙo. Muka dawo na zauna dirshan a tsakar gida ina murza ta, ina cire tsakuwa. Na nuna mata yadda ake fara jiki kamar ƙwai, a ja wuya, a lanƙwasa ƙaho a bayan kunne, a soka tsinke cikin ƙafafu don kada su karye. Da farko daga nesa take kallo. Da rago ya fara fitowa sai na ga tana matsowa da gwiwa.

"Baba, wa ya koya maka?"

"Ni ma fa na taɓa zama yaro."

Ta dube ni kamar ba ta yarda ba. Na ba ta ƙwayar dawa biyu ta manna masa ido, ɗaya ya haura sama ɗaya ya sauka ƙasa. Muka shafa masa farar toka, muka ajiye shi gefen murhu ya sha zafi.

Sai aka zo kan ɗanwake, inda girmana ya zube. Na ci ɗanwake tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yin sa ba. Maiɗakina ta riga ta haɗa garin wake da na rogo a roba, ga kuka, ga kanwa a jiƙe. Iya ta jawo turmi ta hau daga ɓangarenta, ta ɗora haɓa a kan katanga, ta ce ba za ta taɓa mini komai ba, in ta taɓa ya zama nata.

Na zuba kuka, na tace ruwan kanwa na kwaɓa. Don ina sauri, ruwa na fara ɗumi na soma jefawa. Kafin in ankara duk ya narke, tukunya ta zama wani koren abu mai yauƙi.

"Sannu da dama kunu," in ji Iya. "Mai jego ce za ta sha?"

Na zubar, na sake ɗora ruwa. Wannan karon na jira ya tafasa sosai, amma na riƙa ɗebo ƙullun cike da hannu ina saki.

"Wa zai ci wannan? Raƙumi? Hannunka hannun sitiyari ne. Ummi, nuna masa."

Ummi ta tsoma yatsu uku a roba ta ɗago ɗan ƙullu kamar ƙwallon goruba ƙarami, ta ɗora mini a tafin hannu. Haka muka yi: ita tana gutsuro mini daga nesa da wuta, ni ina jefawa. Da na gama sai na ɗauki murfi na rufe tukunyar, ina jin na zama gwani. Iya ta buɗe baki ke nan kumfa ta taso ta ɗaga murfin, ta kwararo ta kashe rabin wutar, toka ta tashi ta rufe mini fuska.

Sai na ji wata ƙara a bayana. Ummi ce, ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Da muka haɗa ido ta tsaya cak, tana jiran tsawa. Na share tokar na ce, "Yi abinki, ni ma da ni ne ke da na yi." Ta saki dariya har da zama a ƙasa. Na daɗe ina ciyar da yarinyar nan, amma rabon da in ji dariyarta kusa da ni haka, ban iya tunawa ba.

Ɗanwake ya taso sama, na bar shi ya ƙara dahuwa kamar yadda Iya ta ce, na tsame na zuba a ruwan sanyi. Na soya man gyaɗa da albasa, Ummi ta daka yaji da ƙuli a ɗan turminta. Na miƙa wa Iya ɗaya ta saman katanga. Ta tauna, ta tauna, ta ce, "Ba zai kashe mutum ba." A bakinta wannan yabo ne.

Muka share zaure, muka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da 'yar tsana a kwalin ashana babba, rago na tsaye gefenta. Ummi ta yi wanka ta sa kayan sallarta. Ana idar da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Layinmu ya zama kogi. Ummi ta tsaya a bakin zaure tana leƙe, feshi na jiƙa mata riga. Ba kowa.

"Ba za su zo ba, ko Baba? Za su ce ban yi ba."

Na dubi keken da ke gindin bishiya. Na ce, "Kin san gidajensu?"

Na saki labulen gefe, ta zauna a baya tana nuna mini hanya. Gida gida na riƙa tsayawa ina sallama cikin ruwa, ina cewa na zo ɗaukar 'yan suna. Wani maigida ya fito da lema ya ce, "Malam, haihuwa aka yi a gidanka ba mu ji ba?" Na ce, "An yi, amma ta totuwa ce." Ya yi dariya har lemar ta karkace, ya ce a fito da yaran. Sawu biyu na yi, keke cike da 'yan mata ƙanana, kowace da 'yar tsanarta goye a baya, suna waƙa suna ihu duk inda muka faɗa rami.

A cikinsu akwai wata mai ɗan wayo, ita ce shugabar wasan, ita ke yanke hukunci. Ta zauna ta ɗaga ragon ta juya shi, ta ce ba a taɓa kawo mai ƙaho irin wannan ba. Sannan ta ɗauki ɗanwake ɗaya ta duba shi sama da ƙasa.

"Mamanki ba ta nan. Wa ya dafa?"

"Babana."

"Ƙarya! Saya aka yi."

Iya, da ta zagayo ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Ke, dubi girarsa." Duk suka juyo. Ashe har lokacin akwai toka a girata, ga ƙullu ya bushe a gefen wandona. Shugabar ta jefa ɗanwaken a baki ta ce, "An yarda."

Aka cinye tas, har suna rigima a kan man da ya rage a kwano. Sai shugabar ta tafa hannu ta ce a faɗi suna. Iya ta riga ta gaya mini tun da rana cewa Ummi sunan mamanta za ta sa wa 'yar tsanar. Amma sai Ummi ta ɗauki 'yar tsanar ta juya mana baya tana wani abu. Da ta juyo, ta cire jan ɗankwalin, ta kifa mata murfin kwalba a ka.

"Ba mace ba ce, namiji ne. Ga hularsa."

"To wane suna?"

"Sunan Babana."

"Faɗi mana mu ji."

"Ba na faɗa. Abba za a riƙa ce masa."

Yara suka rangaɗa guɗa irin tasu. Ni dai na ce bari in duba keke kada ruwa ya shiga inji, na fita na tsaya a gindin bishiya na ɗan jima. Ba abin da ya sami injin.

Kafin magariba maiɗakina ta dawo da albishir an sauka lafiya. Ta tarar da tukwane a baje, murhu a jiƙe, Ummi na zaune a cinyata tana ba ni labarin wadda ta fi kowa ci. Ta tsaya da jaka a hannu ta ce, "Gidan nan ne kuwa?" Iya ta amsa mata ta saman katanga, "Shi ne. Maigidan ne aka canja."

Sauran hutun nan mun yi shanu da raƙuma na laka, mun yi motar kara, na koyi yin kantun riɗi da sukari, har ɗanwakena ya kai Iya ta nemi ƙari. Ban fasa fita aiki ba, na dai koyi dawowa da sauran rana. Yanzu Ummi ta girma, ita ke koya wa ƙannenta murza laka. Ragon ya daɗe da farfashewa, amma da an ji ƙarar keke a ƙofar gida, da gudu ake fitowa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da babba ke turewa da ƙafa yana cewa shirme, a wurin yaro shi ne mutuncinsa gaba ɗaya. Kuma shirun da yara ke yi in uba ya shigo, tsoro ne, ba girmamawa ba. Girmamawar gaske na same ta ne da toka a fuska, ranar da 'yata ta yi mini takwara da totuwar masara.