Ni da Kazar Ɗori

Shekarar da na karye, Nasara bai riga ya shigo ƙasar Tasawa ba, ni kuma ban fi shekara tara ba. Garinmu ɗan ƙauye ne a kan hanyar Maijirgi. An gama yankan gero, ana ta jidar dammuna zuwa rumbu, ni ce kuma ake ɗorawa bisa tsani in karɓi dami in tura ciki, domin ba ni da nauyi, ba ni da tsoro. Mahaifina yana alfahari da wannan hali nawa, mahaifiyata kuwa kullum kuka take yi da shi. Ran nan tsanin ya zame. Na ji ƙarar ƙashin ƙafata tun kafin in ji zafinsa.

Aka tura mutum Maijirgi ya zo da maɗori, wani dattijo mai kaurin yatsu, ana ce masa Baba Ɗan Jimma. Ya shafa ƙwaurina da man shanu, ya yi tofi, ya sa ƙarti biyu suka danne ni, ya ja ƙafar har na daina jin muryata. Ya jera fererren kara ya ɗaure da tsumma. Na ɗauka an gama, sai na ji ya ce a kamo masa kaza wadda ba ta fara ƙwai ba. A gabana ya karya mata ƙafar hagu, irin wadda na karye, ya ɗora ta da 'yan karare kamar yadda ya yi mini. Haka gidansu suka gada.

Ya dubi mahaifina ya ce, "Ranar da kazar ga ta taka ƙasa da ƙahwarta don kanta, ran nan yarinya ta taka. Kahin nan, ko gobara ta tashi, ɗaukarta za a yi."

Mahaifiyata tana da goyo, ga aikin kaka ya taso, don haka aka kai ni ɗakin Kaka Gwamma, uwar mahaifina. Aka shimfiɗa mini tabarma kusa da murhu, aka kife kazar da kwando a ƙofar ɗaki. Kaka ta dube mu ta ce, "To, Tsahara, yau na yi baƙi biyu, dut guragu. Allah ya sa kazar ta hi ki kunya."

Kwanakin farko zafi ya ɗauke mini hankali. Da zafin ya kwanta sai ainihin azabar ta fito, wato zama. Wanda bai taɓa kwanciya da lafiyayyen ciki da lafiyayyun idanu ba, ƙafa ɗaya kawai ta hana shi motsi, bai san tsawon wuni ba. Na san sandunan jinkar ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, na san wadda gara ta fara ci. Daga ƙarar taɓarya ina gane wace mata ce ke daka. Ƙawayena suka yi ta zuwa kwana uku, sannan suka koma leƙe, daga baya leƙen ma ya gagara. Ban ga laifinsu ba yanzu, amma a lokacin na tsine musu a zuci ba sau ɗaya ba. Buzayen da ke sauka bayan gari suka aiko mini da nonon raƙumi, wai yana haɗa ƙashi. Na sha ina hararar kazar, ita ma tana hararata ta ramin kwando.

Abin da ke raba ni da haukacewa shi ne bayan magariba. In an ci tuwo, Kaka takan ƙara itace a wuta, yaran gidanmu su shigo su zagaye ta. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta karkata kunne wajen ƙofa ta ce, "Na ji motsi. Tatsuniya ta iso, in buɗe mata?" Mu kuma mu ce, "Buɗe mata, Kaka." Tana magana tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasa, hasken wuta yana hawa fuskarta yana sauka. Sai dai tatsuniya ba ta wuce ɗan lokaci, wuni kuwa yana nan yana jirana da safe.

Ina cikin kwana na ashirin da wani abu ƙawata Hajo ta leƙo ta gaya mini samari sun sa ranar kalankuwa, bikin gama kaka, saura kwana huɗu. Wannan shi ne wasan da muke jira tun farkon damina, kuma a shekarar ne aka ce na isa in shiga layin 'yan mata masu rawa. Har zane mahaifiyata ta kai marina dominsa. Da Hajo ta fita na yi kuka har na gaji, sannan na zauna na yi tunani irin na yaro, wanda yake ganin ya fi kowa wayo. Maɗori ya ce in kaza ta taka, in taka. To, ai sai kaza ta taka.

Ni aka ba aikin zuba mata tsaba, tunda hannuna yana kaiwa kwandon. Na hana ta abinci wuni guda, na ɓoye tsabar ƙarƙashin tabarmata. Washegari da Kaka ta fita, na ɗaga kwandon, na sassauta ɗaurin ƙafarta, na watsa tsaba can nesa da ita. Baiwar Allah ta dubi tsabar, ta dube ni. Yunwa ta fi ƙarfinta, ta miƙe, ta dafa karyayyar ƙafar tana rawa, ta yi taku huɗu. Har yau in na tuna takun nan kunya takan kama ni.

Na ƙwala wa Kaka kira. Ta shigo, na nuna mata ina murna. Ta tsuguna ta ɗauki kazar, ta duba ƙullin, ta taɓa maƙoƙonta ta ji babu komai a ciki. Ba ta dube ni ba. Ta gyara ɗaurin, ta zuba mata tsaba, ta mai da ta cikin kwando.

Na ce, "Kaka, ai ta taka. Kin gani da idonki."

Ta ce, "Na gani, ɗiyata. Na ga kuma ƙullin da ba na Ɗan Jimma ba."

Ta koma kan kaɗinta. Da magariba ta yi, yara suka taru, ta buɗe wa tatsuniya ƙofa, sai ta ba mu wadda ba mu taɓa ji ba.

Wai an yi wani saurayi maharbi, gudu ne abin taƙamarsa, har barewa yakan kama da hannu. Wata rana ya taka rami ya karye, aka ɗora shi aka ce ya kwanta arba'in. Kwana uku ya yi ya fara zagin bango. Sai ga wata tsohuwa da buhun dabino tana bin gida gida tana cewa, a nan Kaka takan sirantar da murya, "Ina masu kwanan banza? Kwanan ciwo, kwanan jira, kwanan da ba a so, ku kawo in saya." Saurayi ya kira ta. Ta ce kowane kwana dabino ɗaya, kuma ba zai san wucewarsu ba. Ya ce ko kyauta ne ta kwashe. Ta zube masa dabino, ya rufe ido ya buɗe, sai ga arba'in ta cika, har wata ya sake. Ya yi tsalle ya miƙe, ƙafa ta lanƙwashe kamar ranar da ya karye.

Ya ja ciki ya bi sawun tsohuwa har cikin daji, ya same ta zaune gaban wani ƙaton rumbu cike da kwanakin mutane, tana ɗiba tana ci, shi ya sa ba ta mutuwa. Ya ce ta cuce shi. Kaka ta ajiye mazari, ta yi maganar tsohuwar tana kallon wuta: "Ni ban cuce ka ba, yaro. Kai kac ce na banza na. Cikinsu ƙashinka za shi haɗe, ka saida. Cikinsu uwarka za ta zamna kusa da kai ta gaya maka abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ka saida. Ni kau na ci, kuma da daɗi."

Wani ƙanena ya tambaya ko ta mayar masa. Kaka ta ce abin da aka ci ba ya dawowa, sai dai ya koma gida ya faro kwanciya daga fari. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Nan ta tsaya, ni ma nan na tsaya. Kowa ya nemi tabarmarshi."

Na gane da ni take, ba na kuma son in yi ƙarya in ce tatsuniyar ta shiga kunnena. Haushi ta ba ni. Na ce a raina ita ai ta yi rawarta tun zamanin da, me zai dame ta.

Ranar kalankuwa da la'asar ganguna suka tashi, gida ya watse, kowa ya nufi dandali. Kaka ta zauna da ni, sai wata maƙwabciya ta kira ta ta duba mata jariri mai zazzaɓi. Tana fita na jawo taɓaryar da ke jingine a bango, na dogara, na miƙe. Niyyata in kai zaure kawai in hango. Na yi taku uku. A na huɗu taɓaryar ta zame bisa daɓe, nauyina duka ya sauka a kan ƙafar. Gangunan ne suka hana a ji ihuna, sai da Kaka ta dawo ta tarar da ni a bakin ƙofa.

Baba Ɗan Jimma ya sake zuwa, ransa a ɓace. Ya ce ƙashin ya fara kamawa ya goce, sai an sake ja, kuma kada a sa rai ƙafar ta dawo daidai da 'yar'uwarta. Mahaifina ya tsaya tsakar gida yana faɗa, yana tambayar wa ya bar ni ni kaɗai. Kaka ta fito ta ce, "Ni na, Ibro. In bugu za ka yi, ga ni." Ya sunkuyar da kai ya fita. Maganar kaza kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni ce yau na tona kaina.

Aka faro sabuwar kwanciya, ta kwana arba'in. Ba a jima ba kazar ta warke don kanta, tana yawo tsakar gida tana tono, wani lokaci ta leƙo ɗaki ta dube ni ta wuce. Kaka ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Washegarin ɗorin ta ajiye mini auduga da mazari a cinya ta ce, "Ƙahwa aka ɗaure, ba hannu ba." Zarena na farko ya fito gaba kauri baya siriri, ta ɗaga shi ta ce ko jaki aka ɗaure da shi sai ya kai ƙara wurin mai gari. Na yi dariya, karo na farko cikin kwanaki masu yawa.

Daga nan ba ta ƙara nisa da ɗakin ba. Muna kaɗi tana magana, ba tatsuniya ba, labarinta. Ta gaya mini sunan uwarta da garin da aka haife ta, wanda mahara suka ƙone tana yarinya. Ta gaya mini 'ya'ya huɗu da ta binne kafin mahaifina ya tsaya, da yadda ta yi shekara ba ta son ganin goyon kowa. Ta koya mini gane auduga mai kyau da taɓi. Wuni bai rage tsawo ba, amma na daina jiran ya ƙare. Wata rana ma har na ji haushin kiran magariba, don yara za su shigo su raba ni da ita.

Na tashi da ɗingishi, da shi kuma na tsufa. Ban taɓa shiga layin rawa ba, wannan ya yi mini ciwo shekaru da yawa, ba zan ɓoye ba. Kaɗin kuwa shi ya ciyar da 'ya'yana a shekarar da rumbuna suka wayi gari babu komai.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan ƙafa, na ƙi ji, na biya. Sai da na girma na lura da ɗaya rabin maganar tsohuwar daji, wanda ban saurara ba sam, zancen uwar da za ta zauna ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Kaka Gwamma ta rasu da bazarar shekarar nan, kafin ruwan fari. Babu wani jikanta da ya san sunan uwarta sai ni, kuma da ina da ƙafata da ina can dandali lokacin da take faɗinsa. Yanzu ido ya yi rauni, na koma zaman ɗaki kamar da, jikokina suna leƙowa su wuce. Wani lokaci nakan ce da tsohuwar nan mai rumbu za ta biyo ta ƙofarmu, da ba sayarwa zan yi ba. Roƙonta zan yi ta duba ko da sauran kwana ɗaya cikin waɗanda na yi a ɗakin Kaka, ko da cikin masu zafin ne, ta ba ni in sake kwantawa.