Ɗan Jirgin Da Baba Ya Yi Ta Mantawa A Rumfata

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce na manta da su, amma maganar wani ɗan jirgin ƙasa na wasan yara da mahaifina ya samo a kasuwar Zakirai, ita kam ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina ba na jin za ta fita daga kaina. A lokacin ina da mata da 'ya'ya, furfura ma ta fara leƙowa a gemuna, amma abin wasan nan ya sa na yi kishin da ko yaron goye ba zai yi ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan yake nufi a wurin mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" In na durƙusa na gaishe shi, zai amsa yana kallon gefe. Ba ya wasa da ni, ba ya yaba mini a gaban mutane. Kowa ya san alkunya ce, ni ma na sani, a kanta na girma. Autanmu kuwa ɗan gaban goshi ne. Saurayi ne a lokacin, har an fara maganar aurensa, amma sai ya zauna ya jingina da kafaɗar Baba, ya zura hannu a aljihunsa ya ciro goro, Baba na dariya yana ce masa ja'iri.

Baba ya yi aikin reluwe da ƙuruciyarsa, zamanin da jirgi ke tafiya da tururi. Shi ne mai zuba kwal a wuta da shebur. Da aka daina irin waɗannan jiragen sai ya dawo gona. Wannan ma a bakin mutane na ji, shi bai taɓa zama ya ba ni labarin ba.

Wata ranar kasuwa, an gama maimai ana jiran gero ya nuna, sai ga Baba ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya rungume shi kamar jariri. A wurin mai sayar da tarkacen gwanjo ya gan shi, cikin tsofaffin fitilu da dutsen guga. Kan jirgi ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, amma ba na roba ba ne. Ƙarfe ne da tagulla, da 'yar tukunyarsa ta ruwa, da bututun hayaƙi, da wurin sa wuta a ƙarƙashi. Tsatsa ta cinye ƙafafun, tsohon maiƙo ya daskare a ko'ina, har da gidan zanzaro a cikin ɗakin direba.

To ni sana'ata ke nan. Rumfata tana nan daura da ƙofar gida, inda nake gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa, tun daga ƙauyukan Gabasawa ake kawo mini aiki. Da na hango abin, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na goge hannu a jikin wando ina jira. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ɗaga murya ya ce, "Auta, zo ka ga abin da na samo mana."

Mana. Kalmar nan ta tsaya mini a rai.

Haka suka shiga aiki, ni kuma ina rumfa ina kallo ta wutsiyar ido. Suka jiƙa ƙafafun a kananzir cikin tsohon kwanon sha. Suka samo burushin haƙori suna bin lungu-lungu. Baba ya jiƙa tsamiya, yana dangwala tsumma a ruwan yana murza tagullar, ya bi da toka mai laushi, sai ga ja yana fitowa daga ƙarƙashin baƙi. Da gashin kaza yake ɗiga man keke a gaɓoɓin. Auta kuwa, Allah ya shirye shi, bai san kan ƙarfe ba ko kaɗan. Ranar nan ya ɗebo yashi ya dirje gefe guda kamar mai wankin tukunya, ya kankare koren fentin da ya rage tas. Na ce yau kam zai sha faɗa. Baba ya ɗaga jirgin ya duba, ya ce, "Kai, ka yi masa aski," suka tuntsire da dariya su biyu. Ni kuwa na sa guduma na yi ta dukan wani noti da bai yi mini laifin komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labaran. Hannun Baba na kan jirgin nan, bakinsa ya buɗe. Ya ba Auta labarin zafin wutar da ke ƙone gashin gira, da yadda suke gasa masara a kan shebur, da buhunan gyaɗa da suke ɗauka a tashoshi. Ina jin rabi, iska na tafiya da rabi. Sai in kashe injin da nake gwadawa don in ji sauran, in na ga sun waigo in yi kamar mai ne ya ƙare. Wallahi kishi nake, kishi na sosai, irin wanda ke sa tuwo ya ƙi wucewa. Matata ta lura. Ta ce, "Malam, in jirgin kake so, ka bari in ƙera maka na kara irin na yara." Ban yi dariya ba, har na yi kwana biyu ina amsa mata magana a daƙile.

Jirgin ya fito fes, sai sheƙi yake, amma ya ƙi tashi. Suka zuba ruwa, suka sa auduga da sifirit suka kunna, tukunyar ta yi zafi, ƙafa ko motsi. Daga inda nake na san matsalar: siririn bututun da ke kai tururi ne ya toshe. Na ce a raina, tunda nasu ne su biyu, sai su tashe shi su biyu, ni ba wanda ya kira ni.

Washegari na fito rumfa da safe, sai ga jirgin a kan bencina, a naɗe cikin tsummansa. Raina ya ƙara ɓaci. Na ce wato bai ishe su a gindin bishiya ba, har wurin sana'ata za su mayar ma'ajiya. Ko buɗewa ban yi ba, na kira Auta na miƙa masa. "Ga kayanku nan, kun manta."

Ya karɓa yana sosa ƙeya. "Yaya, ni fa ban kawo shi nan ba."

"To Baba ne ya manta. Kai masa."

Bayan kwana kaɗan na sake tarar da shi a wurin. Na sake mayarwa. Da aka jima aka kuma, wannan karon har an kwance bututun an ɗora shi a sama. Shi ma na haɗa na mayar, cikin ladabi, na ajiye a zaure kusa da buzun Baba. Daga ranar aka daina shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Baba ya koma zaman zaure shiru, jirgin na gefensa a rufe. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, har wani sanyi na ji a raina da hirar tasu ta mutu.

Gwaggo ce ta fasa ƙwan. Yayar Baba ce, kuma a hannunta na tashi tun daga yaye. Na je gaishe ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa, ta tambaye ni me ya sami ƙaninta ya yi sukuku. Na kwashe duka na gaya mata, har da mantuwar da yake yi a rumfata, ina jiran ta taya ni jin haushi. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Kai dai girman jiki ne da kai, ɗan nan. Ubanka da ko tsinken sakace bai taɓa mantawa a wani wuri ba, shi ne zai manta abin da yake kwana da shi a gefen shimfiɗa? Kuma kullum sai a rumfarka?"

Na ce, "To Gwaggo, in gyara yake so, me zai hana ya ce in gyara?"

"Da wane bakin? Ni ma 'yar fari ce. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini sannu ba. Sai dai in tashi in tarar da ƙullin kifi a bakin ɗakina, in san ya je kasuwa ya tuna da ni. Mutum ya tako da ƙafarsa ya roƙe ka, ka mayar masa. Ya sake roƙo, ka sake mayarwa. So kake ya durƙusa?"

Na tashi na koma gida.

Da Baba ya tafi masallaci azahar, na shiga zaure na ɗauko jirgin. Gishirin ruwa ne ya daskare a cikin bututun, fari kamar kanwa. Na jiƙa shi a ruwan tsamiya mai kauri, na zare sili ɗaya daga wayar birkin keke na yi ta zurawa a hankali har iska ta wuce. Na yanka 'yar fata na maye gurbin wadda ta ruɓe a murfin tukunyar, na wanke yashin da Auta ya bari a gaɓoɓin, na mayar da komai. Sannan na kai shi zaure na ajiye inda na ɗauka, na buɗe tsumman na bar shi a buɗe.

Bayan la'asar na ji Baba na cewa, "Auta, kawo ashana." Na taso na tsaya a bakin ƙofar zaure, ban shiga ba. Ruwan ya fara ƙara, jirgin ya yi 'yar girgiza, Baba ya taɓa ƙafar da yatsa, sai ga shi ya kama tafiya a kan daɓe yana fitar da tururi. Auta ya yi tsalle ya bi shi da rarrafe. Baba ya tare jirgin da tafin hannu, ya ja wani ɗan ƙarfe a sama, jirgin ya yi usur, siriri mai kaifi.

Baba ya saki ƙarfen, sautin ya mutu. Bai dube ni ba. Ya kalli Auta, ya ce, "Na taɓa ba ka labarin ranar da na kusa rasa aikina? Muna tahowa daga gabas, mun tsaya shan ruwa a tashar da ke kafin tamu, sai wani mutumin garinmu ya ɗago murya daga ƙasa ya ce an sauka lafiya a gidana, an sami namiji. Wani yaro ne da aka haifa a gidan nan. Ban ce komai ba, don akwai manya a wurin. Amma da muka tashi, na kama igiyar usur ban sake ta ba har muka shigo Zakirai. Direba na zagina, shanu na watsewa a gonaki, mutane na fitowa suna zaton gobara ce." Ya goge ido da bakin rigarsa, ya ce tururin ne. "Kowa a garin nan ya ji ni ran nan, in ban da shi yaron."

Na juya na koma rumfa, na zauna a kan benci na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, kuma har ya bar duniya bai kira sunana ba. In gaya muku gaskiya, har gobe ina ɗan jin haushin cewa Auta aka kalla aka ba labarin haihuwata. Amma na koyi abin da ya zauna mini. Na shafe rabin rayuwata ina auna son da Baba ke yi mini da irin wanda yake nuna wa wani, shi ya sa da nawa ya zo har kan bencina ban gane shi ba, na naɗe na mayar. Yanzu in mutumin da ba ya iya magana ya ajiye mini abu, sai na buɗe na duba kafin in ce mantuwa ya yi.