Kawuna Mai Kiɗan Jaz a Takur

Mun bar Kano bayan sallar asuba, ni da wani abokin aikina mai tattara tarihin tsoffin makaɗa. Ya nemi in raka shi ne don ni ɗan Dutse ne. Kuɗin mota ya tashi, har direban da kansa yake ba fasinja haƙuri. A Wudil muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ƙanana kamar an yi wa tsuntsaye.

Muna wuce Gaya abokina ya fara ba ni labarin wanda za mu gani. Sunansa Malam Sule, tsoho ne mai kaɗa bas, ƙaton gogen nan na Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, ya kai mutum tsayi, ana jan tsirkiyarsa da yatsu. A badujalar soja ya fara, ya gangara Legas, ya daɗe yana kiɗan jaz a otal-otal, har ƙetare an je da shi. Ni dai "to" kawai nake cewa. Ban gaya masa Malam Sule yayan mahaifiyata Binta ne ba. Kakanmu malamin allo ne, a gidanmu ba a ambaton sana'ar Kawu. Ko goron ɗaurin aurena ban kai masa ba.

Adaidaita ta sauke mu a unguwar Takur cikin Dutse da hantsi. Muka same shi a zaure kan tabarma, ya rame sosai. Abokina ya nuna ni.

"Baba, wannan ɗan garin nan ne, ko ka san shi?"

Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Yaran yanzu sun yi yawa," ya ce. "Sannunku da hanya."

Ya shiga ciki ya rungumo bas ɗin daga cikin wani tsohon bargo. Yatsunsa sun ƙage, amma da ya ja tsirkiya sai na ji amon a ƙirjina. Ya ce mai bas a baya yake tsayawa, ba a tafa masa, amma in ya kuskure kowa ya ɓata. Abokina ya tambaye shi wa zai bar wa bas ɗin.

"Ba wanda ya taɓa tambaya," ya ce.

Da za mu tafi ya ɗaure mana dabino a leda. Abokina ya yi gaba, sai Kawu ya riƙe hannuna ya rage murya.

"Yaya ƙafar Binta? Ka ce yayanta yana gaishe ta."

Na durƙusa a gabansa.

Sai da muka hau gadar Wudil na iya gaya wa abokina gaskiya. Muka shiga Kano da magariba. Na tafi ina jin kunyar a san kawuna ne, na dawo na gane shi ne ya rufa min asiri.