Ƙwaryar Goggo Larai

Bawa Gyartai mutumin Dodoru ne, kuma gadon ɗinkin ƙwarya ya yi. Ubansa Lawal ya shekara arba'in yana bin rugage da basilla da zaren kaba a cikin burgami, shi kuma ya ɗora daga inda tsohon ya ajiye. Da roba ta cika kasuwa sai aiki ya ja baya. Bawa ya koma gona, amma bai sauke burgamin daga kafaɗa ba, don akwai sauran matan da ba su yarda nono ya kwana a roba ba.

Shekara uku ke nan da wasu malaman makaranta da matasan Gwandu da Kalgo suka kafa ƙungiyar sa-kai ta adana kayan gado. Ba mai biyansu. Wani dattijo ya ara musu ɗaki a Kalgo, suka yi masa rufi da hannunsu, suka tara akusa da tsofaffin garemani da homar masunta. A faɗi gaskiya, sun yi ƙoƙari. Ƙoren Fulani ne suka gagare su. Sau biyu suna zuwa rugar Wurogauri, mata na dama musu fura su sallame su.

Sai shugabansu, Malam Abdulgani, ya sami Bawa har gida.

"Baba, kai suke jin maganarka. Aro ne kawai, na wata uku."

Bawa ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya tafi. Ƙwarya bakwai ya samo. Wadda ta fi tsufa ta Goggo Larai ce, gadon kakarta. Sau uku tana tsagewa: ɗinki biyu na Lawal ne, na ukun na Bawa. Shi ɗinkin Lawal ƙanana ne a karkace kamar sawun kaza, wanda ya sani ko a duhu ya shafa zai gane.

"Ni ban san su ba, ɗan Lawal," in ji Larai. "Kai na sani. Hannunka na sa wa."

"Yadda na ɗauka haka za ni maido, Goggo."

Bayan mako biyu, ranar Asabar da 'yan ƙungiya ke haɗuwa aiki, ya hau mashin zuwa Kalgo ya ga yadda aka jera kayan. Tun daga ƙofa wari ya tare shi, irin na shagon kafinta. Khairiyya, sakatariyar ƙungiya, ta taso da fara'a.

"Baba, zo ka gani. Kamar sabuwa."

Ƙwaryar Larai ce a kan tebur tana sheƙi. An sa reza an yanke ɗinkin kaf, an liƙe tsagar da gam, an dirje ta da soso da sabulu, an bi ta da man ƙyallin da ake shafa wa kujeru. Sauran shidan na gefe suna jiran layi.

Bawa ya ɗauki ƙwaryar ya juya ta.

"Ina ɗinkin?"

"Ai ya tsufa, Baba, duk ya yi dauɗa. Manya za su zo ranar buɗe wa jama'a ɗakin nan, kada a ce fasassun kaya muka tara," in ji Khairiyya.

"Wa kuka tambaya?"

Lukuman, malamin firamare, wanda burushin ke hannunsa, ya ce, "Mun duba a waya yadda ake gyaran irinsu."

"Wayar ta taɓa tatsar saniya?"

Ba wanda ya yi dariya. Bawa bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne, sai ya zuba ƙoren shida a buhu, ya haɗa da ta Larai. Malam Abdulgani ya sha gabansa.

"Baba, don Allah. Jibi ne buɗewa."

"Ku buɗe. Wagga ƙwarya ta ga fari, ta ga ƙaura, ba abin da ya same ta. Mako biyu ta yi hannun masu ilimi."

Ya durƙusa wurin sharar da aka tara bayan ƙofa, ya tsince guntayen zaren ɗaya bayan ɗaya, ya ƙunshe a takarda. Khairiyya ta sunkuya za ta taya shi, ya ɗaga mata hannu.

A Wurogauri ya bi gida gida ya mayar da shidan. Ya bar Larai ƙarshe. Ta karɓi ƙwaryar, ta shinshina, ta bi tsagar da ɗan yatsa.

"Nono ba ya shiga nan kuma."

Ya buɗe mata takardar. Ta dubi zaren, ta kwashe ta ƙulle a bakin zanenta, ta turo masa ƙwaryar da ƙafa.

"Kai musu abinsu. Tawa ga ta nan."

Ba ta zage shi ba. Da ta zaga, da ya fi samun barci.

Ƙwaryar tana can Kalgo a kan kanta, masu ziyara na yaba ƙyallinta. An ce yanzu ƙungiya ta kafa doka, ba a taɓa kaya sai mai sana'ar ya gani. Sau uku suna aiko wa Bawa, ya ce a gaishe su.

Da damina ya bi ta Wurogauri da burgaminsa. Ya tarar da Larai a ƙofar bukka, ga wata ƙwaryarta a tsage an jingine jikin danga, nono kuma a cikin shuɗiyar roba. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi mutanen gida da gona. Ba ta ce ya zauna ba.