Hannu a jikin wandon lauya

Bayan masana'antar Saint-Fons ta sallame mu, na bar Lyon na koma Paris, na kama aiki wajen wani Alhaji ɗan Cadi mai kamiyo, wato babbar motar kwashe kaya, a unguwar Porte de la Chapelle. Aikin bai son boko, ƙugu yake so, ni kuwa dama ƙugun kaɗai gare ni.

Wata rana aka tura ni ɗaure kayan wani tsohon lauya Ba'amurke da ya ƙare kwanansa a Paris. 'Yarsa ce ta buɗe mini, ita ma furfura ta fara. Na tsaya na jero mata ta'aziyya kamar yadda aka koya mini, da ya haƙuri, da ya ƙarin haƙuri. Ta saurara har na gama, ta nuna mini kwalaye.

Ɗaki guda takardu ne zalla. Jawaban da ya yi, da manyan littattafai da ya liƙe guntayen jaridu a ciki. A kowane hoto ga shi gefen wani babba, ko yana gaisawa, ko yana riƙe da makirufo.

Na ce, "Madam, babanki maroƙi ne?" Da Faransancina gurgu na bayyana mata: mai tsayawa kusa da manya yana faɗin alherinsu.

Ta ce lauya ne. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ba ka yi nisa ba."

Wai wata jami'a a Amurka za a kai su duka. Na tambayi nawa suka saya, ta ce kyauta. Na tambayi rabon magada, ta ce ita kaɗai ce. To mutum ya tara takarda har ya mutu, a ba baƙi, su kuma su yi murna? Nan kaina ya ɗaure.

Ga shi ta hana ni aiki. Duk littafin da na ɗauka sai ta karɓe, ta bi shi shafi shafi.

"Madam, Alhaji na jiran kamiyonsa. Me kike nema?"

"Ni," in ji ta.

Ashe hotonta take nema, ko guda. Na zauna a ƙasa na taya ta, tunda aikin kallon hoto dai na iya. Sanatoci, gwamnoni, har wani doki. Ba ita.

Can ta tsaya a wani shafi. Lauya na gaisawa da wani mai ƙaton tumbi, an datse gefen hoton da almakashi don ya shiga shafin. A jikin wandonsa ga ɗan ƙaramin hannu ya damƙe gwiwa, sauran yarinyar almakashi ya tafi da ita.

Na rage murya. "Madam, mu masu kwashe kaya, kullum sai wani abu ya faɗi a hanya. Ba mai tambaya."

Ta yi dariya har da hawaye. Na zaci za ta ɓamɓare, har na miƙa mata wuƙar yanka salatif. Sai ta ɗauki fensir ta yi rubutu ƙasan hoton.

"Me kika sa?"

"Wannan hannuna ne."

Ta rufe, ta miƙo mini. Na ce to wa zai karanta? Ta ce ita ma ba ta sani ba, in ɗaure kawai.

Na ɗaure, na ninka salatif ɗin. Alhaji ya yi ta faɗa a waya kan na makara, ni kuwa na saɓi kwalin na kai kamiyo.