Ranar da na ce wa Baffa ya rubuta a dandali

Shekarun baya, lokacin da nake ganin ni ne zan kawo wa aikin kula da dabbobi ci gaba a yankinmu, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunya. Ban taɓa ba da labarin a fili ba, amma tunda an daɗe da wuce wurin, bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ni malamin dabbobi ne, a Talata Mafara nake aiki. A wancan lokacin muna da guruf a waya wanda ya haɗa malaman dabbobi da malaman gona na Mafara da Bakura da Maradun, da wasu manoma da makiyaya da muke hulɗa da su. Ni na buɗe shi, ni ne kuma mai kula da shi. Yana da amfani, ba zan ɓoye ba. Makiyayi zai danna waya ya yi magana, ya ce ga abin da ya samu saniyarsa, wanda ya fi kusa da shi a cikinmu ya hau babur ya tafi. Amma hayaniyarsa ta ishe ni. Ka buɗe da safe ka tarar da gaisuwar Juma'a, da sanarwar suna, da gardamar siyasa, da hoton wani yana tallan takin zamani. Tambayar da aka amsa makon jiya, a sake yin ta yau, saboda ba mai iya lalubo amsar a cikin wannan tarin.

Ana cikin haka wani abokina da muka yi makaranta tare ya zo mini da labarin wata sabuwar manhaja da wasu matasa suka ƙirƙira, ta dandalin tattaunawa. Ya nuna mini a wayarsa. Kowane batu da ɗakinsa: ɗakin shanu, ɗakin awaki da tumaki, ɗakin kaji, ɗakin shinkafa. Ka rubuta sunan cuta, duk abin da aka taɓa faɗa a kanta ya fito. Wallahi ranar ji na yi kamar an yi mini bushara. Ko'ina zancenta ake yi, a rediyo ma an yi hira da masu ita. Suna neman ƙungiyoyin da za su fara amfani da ita, kuma abokina ya ce mini idan dandalinmu ya yi motsi sosai, za a gayyace ni taro in yi bayani. Ni kuwa har na fara tunanin rigar da zan saka.

A ofishinmu akwai wata abokiyar aikina da ta girme ni nesa ba kusa ba. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, amma ta daɗe a Mafara har Hausarta ta koma irin tamu. Madam muke ce mata. Ita ke kula da ɗakin ajiyar alluran rigakafi, kuma komai a littafi take rubutawa da biro. Da na nuna mata manhajar, ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Ta ce abin ya yi kyau, kuma tana yi masa fatan alheri. Sannan ta tambaye ni inda ake dannawa a yi magana. Na ce ba su saka wannan ba tukuna, amma sun yi alkawari yana nan tafe. Ta tambayi yadda mutum zai shiga. Na ce sai da imel da lambar sirri.

Ta cire tabarau ta ce, "Malam, sabon abu ne, ko damina ɗaya bai gani ba. Ka bar tsohon guruf a buɗe wata ukku, su tafi tare. In wanga ya yi ƙarfi, mutane da kansu za su dawo cikinai. Rabin mutanenmu ba su rubutu, magana suka yi."

Abin da na mayar mata shi ne farkon kuskurena. A gaban sauran ma'aikata na yi dariya, na ce wadda ba ta rabu da biro da littafi ba, ina za ta gane wannan. Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta mayar da tabaranta, ta ci gaba da rubutu. A raina na san tambayoyinta suna kan hanya, amma na riga na hau dokin zumuɗi. Hujjata ita ce muddin tsohon yana buɗe ba wanda zai koma sabon. Muka yi ɗan taron buɗewa, aka sha lemo, aka ɗau hotuna. Washegari na rufe tsohon guruf yadda ba mai iya aika saƙo sai ni, na bar sanarwa cewa kowa ya koma dandali.

Makon farko abin ya yi armashi. Malamai suka yi ta shiga suna yabawa, ina ta ɗaukar hoton yabon ina aika wa abokina. Abin da ban lura da shi ba, ko in ce na ƙi lura, shi ne duk masu rubutun mu ne, ma'aikata. Muryoyin makiyayan nan da na saba ji sun ɗauke ɗif.

Cikin makiyayan akwai wani dattijo da ke zaune da shanunsa wajen Damaga, a ƙasar Maradun. Baffa nake ce masa, don tun mahaifina yana raye suke mutunci. Shekara da shekaru ni ke yi wa garkensa rigakafi. Wata ranar Talata, farkon damina, ina ofis ina shirya bayanin da zan aika wa masu manhajar, sai ga kiransa. Muka gaisa doguwar gaisuwa yadda ya saba, ya tambayi iyali da aiki da ruwa. Sannan ya ce wani ɗan bijiminsa ya kwana yana ɗingishi, cinyarsa ta kumbura, ya ƙi kiwo. Ya ce ya so ya yi magana a guruf, amma abin ya ƙi.

Da a ce na tsaya na yi masa tambaya biyu kacal, da na gane. Da na ce ya danna kumburin ya ji ko yana ƙara kamar busasshen ganye, da na san harbin daji ne, cutar da ke kashe ƙosassun 'yan shanu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan abu ne da ɗalibin shekarar farko ya sani. Amma ni abin da ya faɗo mini a rai daban ne. Na ga dama ta samu: tambayar makiyayi na gaske, a cikin ɗakin shanu, wadda zan nuna a taro.

Na ce masa, "Baffa, yanzu an canza tsari. Ka sa a rubuta maka a sabon dandali, da hoto, nan take za a amsa maka. Wataƙila ma targaɗe ne."

Ya ce to, Allah Ya yi albarka. Muka yi sallama. Na koma kan rubutuna, ina duba dandalin jifa-jifa ko tambayar ta shigo. Ba ta shigo ba. Zuwa Laraba na ɗauka ɗan bijimin ya warke, na manta da zancen.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baffa bai sake kirana ba saboda ya ɗauka doka ce daga sama, kuma ba ya son ya sa ni cikin matsala da manyana. Ya hau babur ɗin haya har cikin Maradun, wurin wani mai cajin waya, ya ce a shigar da shi. Mai cajin ya buɗe masa imel, suka yi ta jiran lambar da za a turo, ba ta zo ba. Da ta zo, hoton ya ƙi tafiya saboda ƙarancin sabis. Yini guda ya ɓata a nan. Kafin ya koma ruga ɗan bijimin ya mutu, wasu biyu sun fara ɗingishi.

Ranar Alhamis da hantsi Madam ta shigo ofishina riƙe da wayarta. Wani manomi maƙwabcin Baffa, wanda ke da lambarta tun wani aikin rigakafi, shi ya kira ta. Ba ta ce mini komai game da dandali ba. Ta ce kawai harbin daji ya shiga garken Baffa, ta riga ta haɗa magani da allurai a cikin kula, in tashi mu tafi don mu dawo kafin la'asar, tunda hanyar ba ta biyuwa da yamma.

Mun tarar huɗu sun mutu, biyu suna kwance. Muka yi wa na kwancen allura, muka ware masu lafiya, muka sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne mushen. Ɗaya daga cikin na kwancen ta tashi, ɗayar ba ta kai safe ba. Shanu biyar ke nan, dukansu matasa, waɗanda yake sa ran su ne garken gobe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya karɓe mu. Ya shimfiɗa tabarma, aka kawo nono da fura, ya yi ta godiya da muka taso. Da muka keɓe na fara kame-kamen ba shi haƙuri, sai ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini.

Ya ce, "Likita, duba mani ko saƙon ya tafi. Na biya anka rubuta, kar manyanka su ce ban bi tsari ba."

Na karɓi wayar. Saƙon yana nan, mai cajin ya rubuta shi da kyau, da hoton cinyar ɗan bijimin, da 'yar da'ira tana ta juyawa a gefensa, alamar bai tafi ba. Na gaya masa gaskiya, cewa ba wasu manya, ni ne na kawo tsarin, kuma da na saurare shi ranar Talata da ba a kai haka ba. Ya dube ni, ya ce abin da Allah Ya rubuta ba ya kuskure, ya mayar da wayarsa aljihu.

A hanyar dawowa, ina tsaye a gefen titi muna jiran direba ya duba taya, na buɗe tsohon guruf. Kafin mu iso Mafara saƙonnin murya sun fara shigowa, har da gaisuwar Juma'a tun ranar Alhamis. Madam tana gaban mota ba ta ko waiwayo ba. Har ta yi ritaya ta koma garinsu ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ni kuma girman kai bai bar ni na ba ta haƙuri kan dariyar da na sa aka yi mata ba. Na yi ta cewa gobe. Sai da aka yi shekara biyu da tafiyarta na kira ta, ta ce ita ta manta, ta tambaye ni ko firjin allurai yana aiki.

Ba zan ɗora wa manhajar laifi ba. Matasan sun yi ƙoƙari, daga baya sun saka saƙon murya, sun sauƙaƙa shiga, kuma har yanzu wasu malamai suna amfani da ita wajen ajiye bayanai. Jaririya ce a lokacin, ni na ɗora mata kayan da ba ta isa ɗauka ba, don ina son a tafa mini. Madam ba ta ƙi ta ba, cewa ta yi a ba ta lokaci, ni kuma na ji hakan kamar ƙiyayya da ci gaba.

Yanzu duk sa'ad da aka zo da sabon abu ana ta kururuta shi, ina karɓa in gwada, amma nakan fara tambayar wa zai bari a waje. Kuma in waya ta yi ƙara aka ce dabba ba lafiya, komai nake yi ajiyewa nake in saurara har ƙarshe.

Baffa yana nan da ransa, garken ya farfaɗo. Mukan haɗu a kasuwar Maradun, ya riƙe hannuna mu gaisa, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifina addu'a. Bai taɓa canza mini fuska ba. Sai dai tun daga wannan daminar, in saniyarsa ta kwanta, wani abokin aikina na Bakura yake kira, duk da na fi shi kusa.