Bencin da Aka Buga wa Babana

Babana ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa. Ya zagaya fage daga ƙauyukan Faskari har Sabuwa, kuma an ce duk kaka, da an gama yankan dawa, makaɗa kan zo ƙofar gida su tashe shi da kiɗa. Ni ban riski wannan zamanin ba. Abin da na tarar shi ne dattijo mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, wanda ke huɗar gonarsa da shanu biyu.

Ina da shekara ashirin wani mutum ya buɗe gidan kallo a bakin kasuwar Yankara. Rumfar kwano ce da bencina, da talabijin da bidiyo, sai janareta da ke kuka a bayanta. Ranar kasuwa, da an sallame azahar, sai ya sa kaset ɗin resilin, wato kokawar Turawa. Kasakasan duk sun tsufa, hoto na rawa, Turancin kuma ba mai jin ko kalma a cikinmu. Amma me ya dame mu? Ga ƙartin Turawa cikin fili mai igiyoyi, wannan ya ɗaga wancan sama ya maka da ƙasa, wani ya hau igiya ya diro a kan cikin ɗan'uwansa, wani ya faki idon alƙalin wasa ya ɗauko kujerar ƙarfe ya rafka wa abokin karawarsa. Mun yarda da abin nan ɗari bisa ɗari.

Ni na matsa wa Baba sai da ya zo ya gani. Na ɗauka zai ji daɗi. Ya zauna a bencin baya, ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Waɗannan ba kokawa suke ba. Wasa suke."

Mutane suka juyo.

Ya ce, "Ku dubi wanda ake ɗagawa. Shi ke doka ƙafa yana taimakon mai ɗaga shi. Wanda ba ya son faɗuwa ba haka yake tashi sama ba."

A cikin masu kallo akwai wani ɗan dako, sa'ana ne, ƙaƙƙarfa na gaske, shi kaɗai ke saɓa buhun masara ya jefa a mota. Resilin ya shiga kansa har ya tara suma, ya yanke hannuwan rigarsa, yana tafiya hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata. Shi ya ce, "Haba Baba, kishi ne kawai. Ku taku kokawar ai rungume-rungume ce, da hannu ya taɓa ƙasa shi ke nan an tashi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Da ni aka yi dariyar nan, kuma Baba ya gan ni. A hanyar gida har na ƙara da cewa, "Baba, ai har jini muke gani." Har ya bar duniya ban buɗe baki na ba shi haƙuri a kan wannan ba, kuma ba ni da wani uzuri.

Daga ranar ɗan dakon nan ya samu abin yi. Duk ranar kasuwa, da ya hango Baba sai ya ɗaga murya, "Ga mai kishin Turawa!" Baba ya wuce abinsa. Aka ɗauki makonni a haka, ba wani babba da ya tsawata masa.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, mun kawo masara ni da Baba, sai ya tare mu daidai ƙofar gidan kallo, mutane sun fito shan iska kafin a canza kaset.

"Baba, yau sai ka nuna mana ta gaskiyar."

Baba ya ce, "Kai sa'an ɗana ne. Ba ni hanya."

"Tsoro kake ji?"

"Na ce ka ba ni hanya, yaro."

Sai ya miƙa hannu ya fizge hular Baba ya jefar a ƙasa, ya juya ga mutane yana dukan ƙirji, kamar yadda ya ga ana yi a kaset. Mutum mai furfura, a tsakiyar kasuwa, gaban surukansa da abokan cinikinsa!

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini. Abin bai ɗauki lokaci ba. Ɗan dako ya rugo da hannuwa a sama, Baba ya sunkuya ya shige masa, ya kama ƙugu, ya sa taɗiya, sai ga ƙato a ƙasa. Na ga lokacin da Baba ya tara hannu a ƙeyarsa don kada kansa ya bugu. Sannan ya miƙa masa hannu zai tashe shi, don haka ake yi a fage, wanda ya yi kaye shi ke ɗaga wanda ya kayar. Ɗan dakon ya ƙi karɓa. Baba ya juya ya duƙa zai ɗauki hularsa.

A nan ɗan dakon ya tashi ya sunkuci benci, na katako mai kauri, wanda mutum biyar ke zama a kai, ya sauke wa Baba a gadon baya.

Ihu aka yi. Ihun murna, irin wanda ake yi a cikin rumfa idan an rafka wa wani kujera. Wani magidanci, mai mata da 'ya'ya, har ya durƙusa kusa da Baba yana buga ƙasa da tafin hannu yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, kamar alƙalin wasan resilin. Babana na kwance rub da ciki, bakinsa cike da ƙasa, ya kasa motsa ƙafa. Sai da wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kurma salati sannan hankalin mutane ya dawo. Muka sa Baba a motar kasuwa. Ba mu bar bakin kasuwar ba na ji janareta ya tashi, an sa wani kaset.

Wata uku ya yi a kwance, tsakanin asibiti da mai ɗori. Ya tashi, amma bai ƙara riƙe garma ba, sallah ma a zaune ya koma yi. Ni na karɓi shanun da gonar.

Da aka zauna gaban mai unguwa, uban ɗan dakon ya zo yana hawaye, mutumin kirki ne. Ɗan dakon kuwa da aka ce ya yi bayani, cewa ya yi, "Wallahi ban yi don in ji masa ciwo ba. A talabijin ana buga wa mutum, kuma ka ga ya tashi."

Na yunƙura zan yi magana, mai unguwa ya ɗaga mini hannu. Baba ya dubi yaron ya ce, "Na yafe. Ku tashi mu tafi." Aka yi fatiha, aka shafa, kowa na yabon haƙurin Baba. Wanda ya yi ƙirgen nan ko kiransa ba a yi ba, kuma ko sau ɗaya bai tako gidanmu dubiya ba.

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana dogara sanda. Ranar uku da rasuwarsa muna zaune a ƙofar gida karɓar gaisuwa, sai ga ɗan dakon, ya zama babban mutum, yana da motocin ɗaukar hatsi, ana ce masa Alhaji. Ya yi addu'a, ya gyara zama, ya dubi jama'a ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Ai ni ne na ƙarshe da ya yi kokawa da shi."

Na ce, "Alhaji, kokawa ya yi da kai ya kayar da kai. Kai benci ka buga masa ta baya."

Kawuna ya danna mini gwiwa yana raɗa mini cewa zaman makoki ne. Na janye hannunsa, na tashi na shige cikin gida, ban fito ba sai da aka ce mini Alhajin ya tafi.